Awusa

Iya Morenike ce ta ba mahaifina ƙwaya uku
a ƙullin leda, wata Laraba da yamma.
Ta ce, "Binne su a gindin goron nan da ya daina haihuwa.
Ba ya tsayuwa da ƙafarsa, mai hawa ne,
sai ya sami kafaɗar da zai dafa."

Malam Barau ya jujjuya su a tafin hannu,
masu tauri kamar 'ya'yan dara.
Ya ce, "Me sunansu?"
Ta yi dariya har ɗankwali ya zame.
"Awusa. Sunanku ɗaya."

Shekara talatin yana kwance huhun goro a Agege,
yana jin sunan nan a bayansa,
a tasha, a bakin famfo, a layin asibiti,
bai taɓa waiwayawa ya ga
ko shi ake kira, ko abin da ke cikin tire.

Gonar a Imota take, gaba da Ikorodu,
'yar falle ce, tsakanin masu buga bulo da wani coci.
Ɗaya ta ruɓe.
Ɗaya gafiya ta yi sahur da ita.
Ta ukun ta fasa ƙasa bayan mun gama fid da rai,
siririya kamar zaren tazuge,
ta yi kwana tara tana lalube cikin iska
kafin ta kama ɓawon goro.

Daga nan sai jira.
Na gama firamare tana hawa.
Na fara koyon gyaran janareta a Ojota tana hawa.
Mahaifina kan shiga danfo biyu da acaba ɗaya
don kawai ya ɗaga kai ya dubi ganye,
ya dawo da taɓo har ƙauri,
Inna ta ce, "Kuɗin motar nan da ya sayi mudu nawa?"
Shi ko uffan.

A damina ta biyar kwanson farko ya faɗo,
kore, mai kusurwa huɗu,
kowace kusurwa da ɗanta a ciki
kamar ɗakunan haya a gidan da muka taso.
Muka tara su ƙarƙashin ganyen ayaba su yi laushi,
muka ɓare da wuƙa da farce,
hannuwanmu suka yi baƙi na mako guda,
sabulu ya gaji ya bar mu.
Inna ta ɗora tukunya, ta dafa har wuta ta cinye itace biyu.

Ya fasa ta farko da turmin haƙori.
Fara sol a ciki.
Ya tauna a hankali, ya ɗauki moɗa ya kora,
sai fuska ta yamutse.
Iya Morenike ta tafa hannu:
"Na manta ban faɗa ba!
Kada ka bi ta da ruwa, ɗaci yake komawa."
Ya kurɓa na biyu, da gangan,
ya ce, "To, ai na san wannan garin."

Bana buhu huɗu muka samu.
Yara sun saya a sari, biyar-biyar a leda,
suna gudu da su tsakanin motoci a kan gada,
suna kiran sunanmu cikin ruwan sama.

Goron kuwa ya mutu tun bariya.
Bai faɗi ba.
Igiyoyin sun naɗe shi tun daga ƙugu har ƙoli,
ban san wa ke riƙe da wa ba yanzu.
Yayana Tanimu ya ce mai bulo ya yi tayi mai kyau.
Mahaifina ba shi da sauran haƙorin fasawa,
ni nake fasa masa, in daka a ƙaramin turmi,
ya ci da yatsa biyu,
sannan ya miƙo hannu, bai dube ni ba,
ya ce in ba shi ruwa.